Daddawar Mai Ƙara

Duk shekarun da maigidana ya yi yana aikin lauyan gwamnati ban taɓa taka kotu ba. Abin da na sani na aikinsa, a wajen wanki da guga na san shi. Akwai baƙar riga mai faɗin hannu, akwai wani farin ƙyalle mai harshe biyu da ake ɗaurawa a wuya, wanda in ba a sa masa sitaci ba sai ya langaɓe kamar alayyafon da ya kwana, sai kuma hular gashin nan da nake ajiyewa cikin gwangwaninta a saman kwaba saboda kyankyaso. A Makarfi muke zaune, a gidan gado, shi kuma kullum bayan karin kumallo ya kama hanyar Zariya.

Mutanen unguwa sun ɗauka ɓarayi yake ɗaurewa, shi ya sa ake gaishe ni da ladabin da ya fi shekaruna. Alhali ko ɓarawon kaza bai taɓa gurfanarwa ba. Aikinsa shi ne, idan wani ya kai ƙarar gwamnati a kan fili, ko kwangila, ko kora daga aiki, shi ake turawa ya tsaya mata. Yakan ce wadda yake karewa ba ta taɓa zuwa kotu ba ko sau ɗaya, ba ta taɓa yi masa sannu da aiki ba, in kuma ya tambaye ta takarda sai ta ce gara ta cinye.

Doka biyu ya kafa mini tun ina amarya. Ba a karɓar kyauta daga duk wanda yake da shari'a, ba a kuma yin maganar shari'a da baƙo. Na mayar da kaji, na mayar da damin rake, na taɓa mayar da buhun barkono har Hunkuyi, ina kallonsa ina haɗiyar yawu. A kan mutum ɗaya tak na karya dokokin nan, kuma duka biyun a rana ɗaya na karya su.

Ranar kasuwa ce, cikin bazara, da hantsi. Ina tsintar shinkafa a tsakar gida na ji sallama. Wata tsohuwa ce gajeriya, takalmanta a hannu tun daga zaure, da ƙullin leda a ka. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwan randa. Muka gaisa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi zafi, ta koma ta sake tambayar maigida. Daga wani ƙauye take tsakaninmu da Ikara, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce nan ne gidan lauyan gwamnati? Na ce nan ne, amma yana ofis. Ta ce ai ba komai, mace da mace sun fi fahimtar juna, ni sai in isar masa.

Ta kwance ledar, sai ga daddawa, baƙa wuluk, ƙamshinta ya cika tsakar gida. Ta ce ta ɗorawar gonarta ce, ita ta dafa kalwar da hannunta. A nan ya kamata in tambaye ta ko tana da shari'a. Ban tambaya ba. Tsohuwa ce sa'ar kakata, kuma gaskiya daddawar ta yi kyau.

Ashe gonar ce ake shari'a a kanta. 'Ya'yanta maza biyu sun kai ƙarar wata hukuma, wadda ba zan faɗi sunanta ba, saboda an zo an auna gonar an kafa turaku, an ce filin gwamnati ne tun da can. Su kuma yaran suka ce aro ne mahaifinsu ya ba hukuma, ba ta yi komai da shi ba, ya karɓi abinsa ya ci gaba da nomawa har ya bar duniya. A gonar nan tsohuwa take samun masarar da take ci, da 'yar gyaɗa, da kalwar da take yin daddawa ta kawo kasuwa.

Ta ce yara sun ɗauko wani lauya a Zariya, amma ita hankalinta bai kwanta da shi ba, ko gaisuwa bai iya ba, kullum waya a kunne. Shi kuwa namu, ranar farko da ya gan ta tsaye a barandar kotu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Inna, ya sa aka ba ta benci. Ta tambayi na kusa da ita wane ne wannan, aka ce lauyan gwamnati ne. Daga nan ta gode wa Allah.

"Ai ni na san gwamnati ba ta manta da talaka ba," in ji ta. "Asibitin gwamnati namu ne, takin gwamnati namu ne in ya iso, makarantar gwamnati ta jikokinmu ce. To ga shi har lauya ta ba ni. In ya miƙe yana Turancin nan, 'yata, ba na jin ko ɗaya, amma amin kawai nake cewa."

Shinkafar da ke hannuna ta zube cikin tsakuwar da na tsince. Na buɗe baki in ce Inna dakata, amma ta riga ta matso, ta rage murya. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan, akwai maganar da ba ta iya faɗa wa kowa sai lauyanta. Gonar ba aro ba ce. Tana tsaye da ƙwaryar fura a hannu ranar da manyan gari suka zo, Malam, wato mijinta, ya ce ya ba su kyauta saboda Allah, su gina asibiti, don ƙanwarsa a kan hanyar Zariya ta rasu wajen haihuwa. Ba a rubuta komai ba. Duk waɗanda suka ji sun mutu, saura ita. Aka shekara ba a kawo ko bulo ɗaya ba, sai Malam ya ce bari ya riƙa shuka wani abu kada ciyawa ta cinye wurin. Yanzu yara sun ce ranar da aka kira ta shaida, kalma ɗaya za ta faɗa, aro. Har sun sa ta dangwala yatsa a wata takarda. Tana son lauya ya gaya mata yadda za ta yi.

Na sha karanta labarin mutanen da suka faɗi gaskiya nan take komai ɗacinta. Ni dai abin da na yi shi ne na zuba mata ɗanwake, na ƙara mata mai. Ta ci, ta sa mini albarka, ta sa wa maigida, ta sa wa gwamnati. Na raka ta har zaure ban gaya mata gidan wa ta shigo ba.

Da yamma na yi miyar kuka. Ban san abin da ya kai hannuna cikin ledar nan ba, sai da na ji ƙamshi ya tashi daga tukunya. Maigida ya dawo a gajiye, ya yi wanka, ya zauna. Loma biyu ya yi ya ɗago ya tambaye ni ina na samo wannan daddawa, ya ce rabonsa da irinta tun mahaifiyarsa na raye. Na ce ranar kasuwa ce ai. Ba ƙarya na yi ba, amma na yi istigfari da na tashi kwashe kwanuka.

A kwanakin nan, kamar da gangan, sai ya fara ƙorafi a kan wata shari'ar fili. Dokar hana maganar shari'a ba ta hau kansa ba, in abu ya ishe shi yakan yi ta faɗa ina guga, ba don yana neman shawarata ba. Ya ce an ba shi fayil babu komai a ciki sai takardar da ta ce a ba shi fayil ɗin. Hukumar ta ce kyauta aka ba ta, amma ba takarda, ba shaida. Ma'aikacin da ya san zancen ya yi ritaya, da aka je nemansa aka tarar ana sadakar bakwai ɗinsa. Sau uku yana roƙon alƙali a ɗage zama ko za a samo wani abu. Na tuna sau ukun nan duk Inna tana bayansa tana cewa amin.

"Da zan samu mutum ɗaya da ya ji da kunnensa," ya ce, yana gyara ƙyallen wuyansa a madubi.

Na ce Allah ya kawo mafita. Ni da ban taɓa ɓoye masa ko fashewar kofi ba, ga ni riƙe da abin da yake nema, ina miƙa masa hula. In na faɗa, tsohuwa ta rasa abincinta ta bakina, a kan maganar da ta ba ni amana don ta ɗauka gidan lauyanta ne. In na yi shiru, ina kallon mijina yana neman gaskiyar da ke cikin kicin ɗinsa. Na je Islamiyya da niyyar tambayar malamarmu, na tsara yadda zan ce wata ce ta aiko ni, da na zauna a gabanta sai na tambaye ta hukuncin wanda ya manta sujada.

Kasuwa ta zagayo, Inna ta dawo jin amsa. Wannan karon ban bari ta kwance komai ba. Bayan gaisuwa na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini, akwai abin da ya kamata in gaya mata tun wancan zuwan. Lauyan gwamnati ba kamar likitan gwamnati ba ne. Shi gwamnati yake karewa. Duk Turancin da ta ji yana yi, yi yake don gonar ta bar hannunta. Nata lauyan shi ne mai waya a kunne.

Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Gwamnati ma lauya take ɗauka? Ita da take da alƙalin, take da kotun, har bencin da na zauna nata ne? Tsoron wa take ji, ni?"

Ta tambaye ni to da na faɗa wa maigida me ya ce. Na ce ban faɗa masa ba, amana ce ta ba ni. Na ɗauka za ta ji sanyi a ranta. Sai ta ɓata fuska, ta ce wace irin tarbiyya ce wannan, mace ta kwana bakwai da magana a ciki ba ta gaya wa mijinta ba? Su a zamaninsu ba a haka. Ta yi mini faɗa sosai, na sunkuyar da kai ina ba da haƙuri. Sai daga baya na gane abin da ya ɓata mata rai. Ta so maganar ta fita ta bakin wani, ta huta. Ni kuma na adana mata ita tsaf, na mayar mata.

Da ta huce ta tambaye ni, tunda na yi makaranta, ko gaskiya ne in za a ba da shaida Alƙur'ani ake ɗora wa mutum. Na ce na ji maigida yana cewa ana ba mutum zaɓi, ko ya rantse da Alƙur'ani, ko ya ɗaga hannu kawai ya yi alkawarin faɗar gaskiya. Ta ce to wanda ya ɗaga hannu, Allah ba ya ganinsa ne? Na ce yana gani. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi.

"Na kusa tafiya, 'yata, gonar ba za ta bi ni ba," ta ce tana laluben takalmanta. "Amma kafin in tafi ɗin, me zan ci?"

Ta bar mini ledar a bakin randa. Na bi ta da ita har zaure, ta ce in na mayar mata ba ta yafe ba. Na ga ai dokar ta riga ta karye tun makon jiya.

Damina ta sauka, masara ta kai gwiwa, kafin ranar shaidarta ta zo. Ban san ranar ba ce sai da na ji motar maigida ta tsaya tun kafin la'asar. Ya shigo ko sallamar kirki babu, ya ajiye gwangwanin hula a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in zo ɗaki. Ya tambaye ni wace ce ta zo gidan nan cikin bazara.

Abin da ya faru a kotun, daga bakinsa na ji rabi, rabin daga bakin Inna daga baya, kuma ba su saɓa ba sai a wuri ɗaya. Da aka kira ta, magatakarda ya tambaye ta ko za ta ɗaga hannu, ta ce a kawo Alƙur'ani, da alwalarta ta zo. Lauyan yaranta ya nuna mata takardar da ta dangwala wa yatsa, ta ce yatsanta ne. Ya zauna. Maigida ya miƙe. Ya ce mini ba shi da niyyar wahalar da tsohuwa, ya riga ya sallama shari'ar a ransa, tambaya ɗaya ya yi don kada a ce bai yi aikinsa ba. Ya tambaya da Turanci, tafinta ya juya mata: mijinki aron gonar nan ya bayar, ko ba haka ba?

Ba ta kalli tafinta ba, shi ta kalla.

"Ɗana, kyauta ya ba su, ina tsaye. Ya ce su gina asibiti. Matarka ta sani tun bazara, ba ta gaya maka ba ne, na ma yi mata faɗa. Kai dai daddawata kawai ka ci."

Maigida ya ce kotun ta yi tsit har ana jin fanka. Alƙalin Bahaushe ne, ya ji komai, amma doka ta ce sai an juya masa da Turanci kafin ya ji. Tafinta ya fara, ya zo kan daddawa ya tsaya, bai san sunanta da Turanci ba. Lauyoyin da ke jiran tasu shari'ar suka shiga ba shi shawara ƙasa-ƙasa, kowa da tasa. Alƙali ya ce a rubuta ta yadda take. Sannan ya cire tabarau ya tambayi maigidana ko yana da abin da zai gaya wa kotu game da miyar gidansa. A nan ne suka saɓa: shi ya ce ya yi bayani a natse, Inna ta ce har hularsa ta karkace.

Maigida ya rantse bai san komai ba, lauyan ɗaya ɓangaren kuma, Allah ya saka masa, ya miƙe ya ce ya san halin abokin aikinsa, bai zarge shi da komai ba. Yana da abin da ya fi wannan damunsa, shaidarsa ta rushe masa shari'a a gaban idonsa.

Na faɗa wa maigida komai, ina kuka. Ya ce da na gaya masa tun ranar, ba zai iya amfani da ko kalma ɗaya ba, sai dai ya mayar da fayil ɗin ofis a ba wani. Wato duk watannin da na yi ina juyi da maganar nan, ina ganin gonar tsohuwa a tafin hannuna take, ba a hannuna take ba. Sai ya tambaya ko daddawar ta ƙare. Na ce saura kaɗan. Ya ce kada in ƙara sa masa. Ranar ya ci tuwo da miyar da ba ta da ɗanɗano.

Lauyan yaran ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce kyautar da sharaɗi aka yi ta, kuma ba a cika ba. An kai bayan girbi ana wannan. A ƙarshe hukunci ya fito, fili na hukuma ne. Ita ce shari'ar da aka fi yaba wa maigidana a ofis, har shugabansu ya kira shi ya ce ƙananan lauyoyi su koyi yadda ake yi wa shaida tambaya. Ya dawo gida ranar bai ko buɗe rediyo ba. Washegari ya zauna ya rubuta wa hukumar wasiƙa, ya ba ta shawarar a bar tsohuwa ta ci gaba da noma wurin har ranar da za a fara gini. Ba a amsa ba. A aikinsu, ya ce, wannan kusan amincewa ce.

Abin da hukumar ta yi shi ne ta aiko da allo. Babba ne, na ƙarfe, da fenti kore da fari, an rubuta cewa nan za a gina asibiti. Aka kafa shi kusa da ɗorawar, aka ɗauki hoto, aka tafi. 'Ya'yan Inna sun yi wata biyu ba sa cin abincin ɗakinta, sannan suka gaji. Da damina ta zagayo suka yi huɗa suka kewaye allon. Na taɓa wucewa ta wurin a mota za mu biki Ikara, na hango akuya ɗaure a ƙafarsa tana shan inuwa.

Ta ci gaba da zuwa ranar kasuwa, ba kullum ba. Wata rana ta tarar da maigida a gida yana hutu. Ya durƙusa ya gaishe ta, kunya ta hana shi ɗago kai. Ita kuwa ko a jikinta, lauyana take ce masa har yanzu. Da ta ajiye leda ya fara cewa Inna ai ba a karɓa, ta katse shi ta ce ba shi ta kawo wa ba.

Zuwanta na bayan nan, gwiwoyinta sun kumbura, da sanda ta shigo. Ta ce tana da saƙo, kuma wannan karon in na riƙe shi kwana bakwai za mu ɓata. In gaya wa lauya ya matsa wa mutanensa su zo su gina asibitin nan. Ta yi ta tunani, Malam ya ba da wurin ne don ya samu lada mai gudana, ga shi shekara da shekaru yana kwance ladan bai fara ba, masara kawai ake ci a kai.

Na ce Inna, in suka gina, ina za ki yi noma?

Ta ce ta sani. Ta ce shi ya sa in ta idar da salla takan rasa wanne za ta roƙa, sai ta ce Allah ya zaɓa, ta shafa.

Da maigida ya dawo, ko zama bai yi ba na isar masa da saƙon, yana tsaye da jaka a hannu. Ya sake rubuta wasiƙa, na ga ya daɗe a kanta fiye da ta farko. Bayan wata uku aka amsa masa da layi biyu, an ce ana duba fayil ɗin. Ya karanta mini, na tambaye shi wane fayil, wanda gara ta cinye? Ya ce shi.

Bana ma masara ta shuka, da gyaɗa a gefen allon.